WUTA-WUTA: A GANE TA TUN KAFIN TA ZUBAR DA IRI

Wannan jawabi ne da wani malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, bayan an gama shuka. An buga shi a nan domin manoman da ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa. Bayan sallama da gaisuwa ga mai gari da malaman aji, ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Babu manomin da bai san wuta-wuta ba. Wasu na ce mata ƙuduji, wasu kuma gaugai. A littattafan masana sunanta Striga. Ko yaro aka tambaya, zai ce ai ita ce ciyawar nan mai fure ja-ja da ke cika gonar dawa idan damina ta yi nisa. Haka ne. Amma wanda bai gane wuta-wuta ba sai ta yi fure, ya gane ta a makare. Kafin ta leƙo waje, ta riga ta yi wa dawa babbar ɓarna a ƙarƙashin ƙasa. Idan kuma aka bari furen ya bushe, ta zuba wa gonar irin da zai dame ta shekara da shekaru.

Akwai gonakin da a da ake ɗaure dami masu yawa a cikinsu, yau masu su sun bar su saboda wannan ciyawa. Mai gida ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi firi da maimai, kaka ta zo rumbu bai cika ba. Saboda haka maganar yau ɗaya ce: yadda mutum zai gane wuta-wuta da idonsa da hannunsa, tun tana ƙarama, a gona ko a daji.

YADDA TAKE RAYUWA

Ciyayi irin su harƙiya da ƙarangiya da tofa suna da saiwarsu. Daga ƙasa suke shan ruwa da taki. Wuta-wuta ba haka take ba. Ita kamar kauci take a jikin itace, ko kaska a jikin saniya. Takan manne a saiwar dawa, ta riƙa shan ruwa da abincin da dawar ta tara wa kanta. Ba dawa kaɗai ba. Tana kama gero da maiwa da masara da shinkafar tudu da acca da rake.

Irinta ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura. Idan aka murje busasshen kwansonta a tafin hannu, sai a ga wani gari mai duhu kamar garin taba. Wannan garin duk iri ne. Tushe ɗaya yana iya zubar da ƙwaya 50,000, wani ma fiye. Irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa shekara 10 ko fiye bai mutu ba.

Abin mamaki, irin nan ba ya tsirowa don an yi ruwan sama kawai. Ruwa zai jiƙa shi mako ɗaya ko biyu, ya shirya, ya yi ta jira. Ita saiwar dawa tana fitar da wani ɗan ruwa a cikin ƙasa. Da irin ya ji wannan ruwa kusa da shi, sai ya tsiro, ya miƙa ya kama saiwar. Idan bai kama cikin 'yan kwanaki ba, sai ya mutu, don ba shi da guzurin tafiya mai nisa. A riƙe wannan magana, za a dawo kanta a gaba.

Bayan ya kama, tsiron yakan yi mako 4 zuwa 7 a ƙarƙashin ƙasa, fari fat, yana ci daga jikin dawa. Sannan ya fito fili ya yi kore. Bayan kamar wata ɗaya sai fure. Bayan furen da mako 2 zuwa 3, iri ya nuna.

DAWA CE KE FARA BA DA LABARI

Tun da wuta-wuta a ɓoye take da farko, sai a fara da duban dawar. Dawar da aka kama takan tsumbure. 'Yan uwanta da aka shuka rana ɗaya sun kai ƙugu, ita tana gwiwa. Ganyenta yakan yi yaushi, ya nannaɗe, kamar an yi kwana da kwanaki ba ruwa, alhali jiya aka yi ruwa, ƙasa da danshinta. Sai ɗigo-ɗigon rawaya su fito a ganyen. Daga baya bakin ganyen ya bushe kamar wuta ta lashe shi. Sunan da Bahaushe ya sa mata bai yi ƙarya ba.

Ba gonar duka ke kamuwa lokaci ɗaya ba. Yawanci wuri-wuri ne. Nan kunyoyi sun yi kyau, can an sami wani fili dawa ta ƙi gaba. An fi ganin haka inda ƙasa ta gaji, inda aka daɗe ana maimaita dawa ko gero shekara bayan shekara babu taki.

Sai dai a yi hattara. Rashin taki ma yana sa dawa ta yi rawaya. Tsutsar kara ma tana hana ta girma. To, yaya za a rabe? Sai an tona.

Mutum ya zaɓi tushe ɗaya daga cikin marasa lafiya. Ya haƙa kewayensa a hankali da fartanya ko wuƙa, ya ɗago shi da ƙasarsa. Ya sa saiwar a ƙwarya, ya zuba ruwa, ya wanke ba tare da murza ba. Idan wuta-wuta ce, zai ga fararen tsiro a manne da saiwar dawa. Wasu kamar ƙwayar shinkafa, wasu sun kai tsawon yatsa. Saiwar dawa ƙasa take nufa, su kuwa sama suke nufa. A wurin da suka manne akwai ɗan kumburi. Asarar tushe ɗaya ba komai ba ce, in dai ta sa mutum ya san abin da ke cin gonarsa.

KAMANNINTA IDAN TA FITO

A gindin dawa take fitowa, ko kusa da shi, sau da yawa da dama a wuri ɗaya. Tsaye take miƙewa, ba ta yaɗo. Karanta siriri ne, kuma ba mulmulalle ba ne. Idan aka juya shi tsakanin yatsu, za a ji yana da gefe huɗu. Ganyenta siriri ne mai tsini, tsawonsa kamar yatsa, faɗinsa bai kai na ƙaramin yatsa ba. Bibbiyu ganyen ke fitowa, wannan na fuskantar wancan.

Babbar alama a hannu take. A shafa ganyen da karan. Kaushi gare su, kamar harshen saniya. Wasu gajerun gashi ne masu tauri suka rufe su. Ko magariba ta yi, ido ba ya gani sosai, hannu zai gane ta.

Sannan a tuge ta. Ba ta da wuyar tugewa, don saiwarta 'yar kaɗan ce, ba ta yi daidai da girman jikinta ba. Mai ci a tukunyar wani ba ya bukatar murhu. Gindinta da ke cikin ƙasa fari ne. A ajiye ta a rana kwana biyu a gani. Yawancin ciyawa idan ta bushe ruwan ƙasa take yi. Wuta-wuta baƙi take yi.

Idan ta girma takan kai gwiwa, wata har cinya. Furenta ruwan hoda ne mai haske, jefi-jefi akan sami fari. A saman kara furannin ke jeruwa. Na ƙasa ke fara buɗewa, na sama su biyo baya. Don haka tushe ɗaya yana iya zama da fure a sama, alhali a ƙasa kwanson iri ya riga ya fara bushewa. Wanda ya ce bari sai furen ya ƙare, iri ya riga shi zuba. Idan aka tsinki fure ɗaya aka duba, za a ga yana da siririn wuya a lanƙwashe, bakinsa kuma a rabe: kunne biyu a sama, uku a ƙasa.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Akwai tsiron da yara kan ruɗe da shi, wato karkashi. Shi ma furensa ja-ja ne, shi ma a gonar gero yake fitowa. Amma mata sun san bambancin. Ganyen karkashi yana da faɗi, gefensa da haƙora, kuma da laushi. Idan aka murza shi da ɗan ruwa sai ya yi yauƙi. Furensa babba ne kamar ƙararrawa, ɗaya-ɗaya a hammatar ganye. Yana da saiwa tasa mai shiga ƙasa. Kada a aiki yaro cire wuta-wuta ya dawo ya ƙarar wa uwarsa da miya.

Riɗi ma karansa gefe huɗu gare shi. Shi ya sa alama ɗaya ba ta isa ba. A haɗa da kaushin ganye da ƙarancin saiwa.

TA WAKE DABAN CE

Wuta-wuta ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka yi bayani a sama ita ce ta hatsi. Akwai ta wake. Ita gajera ce, taƙi ɗaya ko biyu. Kara da yawa ke fitowa daga gindi ɗaya, cunkus, masu ɗan kauri da ruwa a jiki. Kusan ba ta da ganye, sai 'yan ƙananan ɓawo a manne da kara. Furenta ƙanana ne, fari-fari mai sirkin shuɗi ko ja. Idan aka tona, za a ga wani ƙullutu a saiwar wake, wani ya kai girman goro ƙarami. Waken da ta kama, ganyensa yakan yi rawaya tsakanin jijiyoyi, ya kaɗe tun kafin ya yi 'ya'ya sosai. Harawa ma ba a samu.

Akwai kuma wata 'yar uwarsu mai kama wake da gyaɗa. Ita furenta rawaya ne, ganyenta da faɗi da haƙora, jikinta da gashi. Gindinta na cikin ƙasa ruwan goro ne. Da an tuge ta an ga wannan launi, ba sauran tambaya.

Ta hatsi ba ta kama wake. Ta wake ba ta kama dawa. Wannan ilmi ne mai amfani, don shi zai nuna wa manomi abin da zai shuka a wurin baɗi.

A DUBA DAJI DA GEFEN GONA

Wuta-wuta ba a gona kaɗai take ba. Tana rayuwa a saiwar ciyayin daji dangin hatsi. Ana samunta a saura, da gefen hanya, da burtali, da iyakar gona. Wata ta daji ta yi kama da ta dawa ƙwarai, sai dai ta fi siranta. Wata kuma 'yar ƙarama ce, ba ta fi taƙi ba, furenta ja wur ko rawaya. Manomin da ya share tsakiyar gona ya bar iyaka, ruwa mai gudu zai dawo masa da irin.

Daga ina take zuwa gonar da ba ta da ita? Masana na cibiyar IITA, mai hedkwata a Ibadan da reshe a Kano, sun bincika wannan, suka buga sakamakon a 1994. Sun ga iska ba ta kai irin nesa. Kashin shanu ma ba shi ne babban mai laifi ba. Babbar hanya ita ce irin shuka da ake saye a kasuwa. Lokacin girbi akan zube zangarniya a ƙasa cikin wuta-wuta. Ƙurar irinta ta manne a jikin hatsi. Wani ya saya ya kai gonarsa, ya shuka da hannunsa. Don haka hatsin da za a ajiye don iri, a fara yanke shi, a ɗora a tabarma ko buhu, kada ya taɓa ƙasa.

BAYAN AN GANE TA

Amfanin ganewa shi ne a riga ta. Lokacin cirewa shi ne idan ta yi tsawon da hannu zai kama, kafin fure ko da furen farko ya buɗe. Idan tana ƙarama ƙwarai takan tsinke, ta sake toho. Saboda haka ba zuwa ɗaya ba ne. A koma bayan kowane mako biyu. Abin da aka cire kada a yar a kan kunya, don mai fure tana iya ƙarasa nunar da iri ko bayan an tuge ta. A tara a buhu, a kai wuri ɗaya, a ƙone.

Kada a manta da gonar bayan girbi. Gero yakan riga wuta-wuta gamawa. An kwashe gero an tafi gida, ita kuwa tana nan tana zuba iri, ba mai kallo.

Ga aiki kuma ga ɗaliban aji. Wanda ya koyi rubutu, ya samu shafi ɗaya a littafinsa. Ya zana gonarsa. Ya sa alama inda ya ga wuta-wuta: kusa da tsamiya, ko gabas da rijiya. Ya rubuta ranar da ya shuka, da ranar da ya fara ganinta, da launin furenta. Baɗi ba sai ya yi ta tuna-tuni ba. Littafi zai gaya masa inda zai kai taki, da inda zai canza shuka.

Yanzu a koma kan maganar da aka ce a riƙe. Irin wuta-wuta yana tsirowa idan ya ji ruwan saiwa, kuma yana mutuwa idan bai kama ba. To, akwai shukokin da saiwarsu ke tashin irin wuta-wutar hatsi, amma ba ya iya kama su. Auduga tana ciki, da waken suya, da gyaɗa, da wake. Sun kira shi, ya fito, ya rasa abinci, ya mutu. A 1966 wasu masana a Amurka suka ware wannan sinadari daga saiwar auduga, suka sa masa suna sitirigol. Don haka wurin da wuta-wutar hatsi ta yi yawa, a hutar da shi daga dawa da gero da masara, a shuka waɗannan. Sai dai idan wurin yana da ta wake, ko mai furen rawaya, a nemi shawarar malamin gona kafin a zuba wake ko gyaɗa.

Taki ma yana taimako. Gonar da ta sha takin gida ko takin zamani irin yuriya, dawarta ta fi jurewa, wuta-wuta kuma ba ta cika yawa ba. Akwai kuma irin shuka mai jurewa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da IITA, sun fitar da wake mai suna SAMPEA 10 a 2008, wanda wuta-wutar wake ba ta cika kama shi ba. Akwai masara mai suna SAMMAZ 15 mai jure ta hatsi. Wanda ya iya karatu ya karanta sunan a jikin buhu kafin ya biya kuɗi.

TAMBAYOYI

Da aka gama jawabi, wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce, Malam, bara shi da 'ya'yansa sun cire ta kaf, bana ga ta ta dawo kamar ba a taɓa ba, to ina amfanin wahala?

Malamin ya ce, Baba, wadda ta fito bana ba 'yar bara ba ce. Tsohon iri ne da ya daɗe kwance a ƙasa. Cirewar bara ta hana sabon iri ƙaruwa, amma ba ta kwashe tsoho ba. Ya ce gaskiya cirewa ba ta cika ceton hatsin shekarar ba, don ɓarna ta riga ta auku a ƙasa. Amfaninta a gaba yake, kuma sai an jera shekaru ana yi. Ya ba da misali da Amurka. A 1956 aka tabbatar ƙaramar wuta-wuta mai jan fure ta shiga gonakin masara a jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu. Gwamnati ta killace wuraren. Aka hana fitar da ƙasa da kayan noma sai an tsabtace su. Aka riƙa tura wata iskar gas mai suna etilin cikin ƙasa, don ta yaudari irin ya tsiro ya mutu. Duk da kuɗi da injuna, sun shafe shekaru da dama kafin su ci ƙarfinta.

Wani saurayi ya ce, idan shi ya cire tasa, maƙwabcinsa bai cire ba fa? Malamin ya ce wannan magana ta mai gari ce da masu unguwa. Gonaki a haɗe suke, ruwan sama bai san iyaka ba. Gara a sa rana, a yi gayya, a bi gonakin gefe ɗaya gaba ɗaya har da burtali.

Wata mata daga bayan aji ta ce, Malam, ko za a iya zuba wa awaki abin da aka cire, maimakon a ƙone? Malamin ya ce, Inna, gara a ƙone. Wadda aka ɗauko daga gona takan zo da kwanson iri a jikinta. Irin zai zube a garke, ya shiga taki, takin kuma gona za a mai da shi. Ya ƙara da cewa buhun da aka ɗauko ta a ciki, kada a zuba irin shuka a cikinsa.

Daga nan aka sa ranar fita gona. Aka ce kowane ɗalibi ya zo da fartanya da ƙwarya da gorar ruwa, da littafinsa da fensir.